Wane ƙarin sinadarin gaɓɓai zan saya wa karena da ya tsufa?

Tambaya: Ina da kare namiji, irin karen Jamus, ɗan shekara 9, mai nauyin kilo 41. A 'yan watannin nan na lura cewa tashi na yi masa wuya da safe, yana jan ƙafafun baya kafin jikinsa ya saki, kuma ya daina hawa matakala da tsalle cikin mota. Wani abokina ya ce amosanin gaɓɓai ne, ya ba ni shawarar in saya masa ƙwayoyin gulukosamin da kwandiroyitin. Da na duba intanet sai na tarar da iri-iri har kaina ya ɗaure, akwai man kifi, akwai kolajin, akwai na kurkum, kowanne yana cewa shi ne ya fi. Ban kai shi asibiti ba tukuna domin na ji an ce magungunan rage zafin ciwo suna lalata ƙoda, shi ya sa na fi son abin da ba magani ba. Ranar da ciwon ya tsananta nakan yi tunanin in ɓallar masa rabin ƙwayar da nake sha idan bayana yana ciwo. Wanne zan saya?

Amsa: Malam, na gode da wasiƙarka, kuma yadda ka kula da ƙananan sauye-sauyen da suka bayyana a jikin dabbar nan ya nuna cewa tana hannun mai tausayi. Kafin in taɓo maganar saye, bari in fara da abin da ka ambata dab da ƙarshe, domin shi ne ya fi tayar mini da hankali. Kada ka ba karen nan ƙwayar da kake sha, ko da rabi ce, ko da sau ɗaya ne. Magungunan ciwon jiki na mutane irin su ibufurofen da nafuroksen da dikilofenak suna iya jawo wa kare gyambon ciki mai zubar da jini, suna kuma iya durƙusar da ƙodarsa, domin jikinsa ba ya sarrafa su yadda namu yake yi, kuma nafuroksen musamman yakan yi kwanaki a jinin kare kafin ya fita. Farasitamol ma ba a ba kare sai likitan dabbobi ya auna masa gwargwadon nauyinsa. Haɗarin ƙodar da kake gudu a asibiti ya fi kusa da kai a cikin wannan rabin ƙwayar.

Abu na biyu shi ne, har yanzu ba wanda ya tabbatar da cewa amosani ne. Mai yiwuwa abokinka ya faɗi daidai, domin shekarun karen da irinsa da taurin jikin da ke sakinsa bayan ya ɗan motsa duk sun yi kama da amosanin gaɓɓai, wato yanayin da guringuntsin da ke lulluɓe da bakin ƙashi yake zaizayewa, gaɓar ta kumbura, ƙashi ya riƙa tsiro a gefenta, motsi ya zama azaba. Karnukan Jamus sun yi suna wajen gadon ƙugun da bai zauna daidai a gurbinsa ba, wanda kan rikiɗe ya zama amosani idan shekaru sun ja. Amma akwai wasu cututtuka da suke ɓoyewa a bayan waɗannan alamu. Akwai tsinkewar jijiyar da ke riƙe gwiwa, wadda sau da yawa tiyata ce maganinta. Akwai dajin ƙashi, wanda ya fi kama manyan karnuka tsofaffi. Akwai cututtukan da kaska ke yaɗawa masu kumbura gaɓɓai. Akwai kuma wata cutar laka da ta fi yawa a irin karenka, wadda ba ta zuwa da zafi amma takan sa kare ya riƙa jan ƙafafun baya har faratansa su goge a ƙasa. Tun da ka ambaci jan ƙafa, wannan ta ƙarshen ba abar watsarwa ba ce. Babu kwalba ko ɗaya a kasuwa da za ta yi wa waɗannan cututtuka komai, kuma watannin da za ka ɓata kana jiran ta yi aiki su ne watannin da cutar za ta yi amfani da su. Likita zai murɗa gaɓɓan da hannunsa, ya kalli tafiyar karen, ya ɗauki hoton ƙashi idan ya ga dacewar hakan, ya kuma gwada jini. Daga nan ne maganar saye za ta sami tushe.

To, mu ɗauka likita ya tabbatar da amosani. Abin da nake so ka riƙe shi ne cewa waɗannan kwalabe ba magani ba ne a idon doka, kuma a yawancin ƙasashe ba a tilasta wa kamfanin da ya haɗa su ya kawo hujjar cewa suna aiki kafin ya fara sayarwa, saɓanin maganin asibiti da sai ya tsallake gwaje-gwaje kafin a ba shi izini. Shi ya sa za ka ga kalaman da ke jikinsu suna kewaye-kewaye, ana cewa suna “tallafa wa lafiyar gaɓɓai”, ba a cewa suna warkar da komai.

Gulukosamin da kwandiroyitin, waɗanda abokinka ya ambata, su ne suka fi shahara, kuma tunanin da ya haifar da su yana da daɗin ji. Ana samun na farko galibi daga ɓawon jatan lande da kaguwa, na biyu kuma daga guringuntsin shanu ko aladu ko kifin shak, kuma dukansu suna cikin abubuwan da jiki ke gina guringuntsi da su, don haka aka yi zaton idan an ci su za su je su gyara wanda ya zaizaye. Sai dai abin da aka haɗiya yana bi ta hanji da hanta ne, kuma ɗan kaɗan ne daga cikinsa yake isa gaɓa. Da aka zo gwaji, sakamakon bai gamsar ba. Wani bincike a 2007 ya nuna ɗan sauƙi a karnuka bayan kwana 70, amma wanda aka yi a 2003 da na'urar auna takun ƙafa bai ga wani canji ba. A ɓangaren mutane ma, babban gwajin da aka wallafa a Amurka a 2006, wanda ya ƙunshi masu ciwon gwiwa 1,583, bai nuna sun fi ƙwayar wofi, wato wadda ba magani a cikinta, ba idan an haɗa dukan majinyatan. A 2022 masu bincike a Jami'ar Montreal ta Kanada suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan karnuka da kyanwowi suka auna su wuri guda, suka kammala da cewa haɗin gulukosamin da kwandiroyitin ba ya rage zafin amosani, har suka ba da shawarar a daina ba da shi da wannan niyya. Ba kasafai yake cutarwa ba, kuma har yanzu akwai likitocin da ke rubuta shi, amma idan kuɗinka na kwalba ɗaya ne, ba zan ce ka kashe shi a nan ba.

Na san za ka haɗu da mutanen da za su rantse cewa karensu ya miƙe bayan ya sha waɗannan ƙwayoyi, kuma ba ƙarya suke yi ba, abin da idonsu ya gani suke faɗa. Amma akwai wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2012 da ya kamata kowane mai kare ya sani. An bi karnuka masu amosani da ake ba ƙwayar wofi, wadda ba ta ƙunshi komai ba, ba tare da masu su ko likitocin da ke duba su sun sani ba. Masu karnukan sun ce sun ga sauƙi a kusan kashi 40 cikin 100 na lokutan da aka tambaye su, likitocin ma sun ce haka a kusan kashi 45 cikin 100, alhali na'urar da ke auna nauyin da kare ke ɗorawa a kan ƙafar mai ciwo ta nuna cewa a jimlace ba abin da ya sauya. Wanda yake son dabbarsa, ya kuma kashe kuɗi a kanta, zuciyarsa tana neman alamar sauƙi. Ƙari a kan haka, amosani ciwo ne mai tashi da kwantawa, kuma mutum yakan sayi kwalba ne a makon da ya fi tsanani, don haka ko ba a ba da komai ba makon da zai biyo baya yakan fi sauƙi. Abin da ke damuna a nan shi ne karen, domin shi ba ya magana, kuma idan mai shi ya gamsu cewa an sami lafiya, sai a bar shi da ciwonsa.

Wanda ya fi kowanne hujja a cikin abubuwan da ka lissafa shi ne man kifi, saboda wasu sinadarai biyu na dangin omega-3 da ke cikinsa, EPA da DHA, waɗanda ke shiga cikin fatar ƙwayoyin halitta su rage abubuwan da jiki ke haɗa kumburi da su. Gwaje-gwajen da aka wallafa a 2010 sun nuna cewa karnukan da aka ciyar da abinci mai yawan man kifi sun fi taka ƙafarsu mai ciwo, wasu kuma an iya rage musu yawan maganin rage zafi da suke sha, kuma nazarin Montreal na 2022 ya sa shi a sahun gaba. Kada ka ɗauka zai mayar da karenka ɗan shekara uku. Sauƙin da yake kawowa matsakaici ne, kuma sai an yi makonni 6 zuwa 12 kafin a gan shi.

A wajen sayensa ne mutane suka fi yin kuskure, don haka zan ɗan tsaya a nan. Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaban kwalba, misali miligiram 1,000, nauyin man ne gaba ɗaya, ba nauyin abin da kake nema ba. Ka juya bayan kwalbar ka haɗa EPA da DHA. A ƙwayar man kifi ta gama-gari za ka tarar da miligiram 180 na farko da 120 na biyu, wato 300 kacal a cikin 1,000. Adadin da likitoci kan nufa ga kare mai amosani yana kaiwa kimanin miligiram 100 na EPA da DHA a haɗe ga kowane kilo na nauyin da ya dace da karen, saboda haka idan likita ya ce kilo 35 ne ya dace da naka, ana maganar kusan ƙwaya 12 ta gama-gari kowace rana. Wanda yake jefa ƙwaya ɗaya a cikin abincin babban kare yana zaton ya yi wani abu, alhali bai kai ko kashi ɗaya cikin goma ba. Shi ya sa ga kare mai girma ya fi dacewa a sayi man da aka tace ya yi ƙarfi, ko na ruwa mai famfo, ko kuma abincin gaɓɓai na musamman da likitoci ke rubutawa, wanda an riga an zuba man a cikinsa. Likita ne zai tsayar da adadin, kuma a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa mako-mako, domin idan aka ɗura shi lokaci guda yakan kawo zawo. Karen da ya taɓa ciwon kumburin fankiriyas, wato sashen ciki mai taimakawa wajen narkar da kitse, ko mai matsalar daskarewar jini, ko wanda za a yi wa tiyata, sai an yi hattara da shi.

Abubuwa biyu suna kama da man kifi amma ba su maye gurbinsa. Man hantar kifi yana ɗauke da bitamin A da D masu yawa, kuma idan aka ba da shi a adadin da amosani ke buƙata waɗannan bitamin za su taru a jiki su zama guba. Man tsirrai da ake tallatawa da sunan omega-3 kuma yana ɗauke da wani nau'i ne dabam, wanda jikin kare ba ya iya juya shi zuwa EPA da DHA sai ɗan kaɗan. Man kifi yana lalacewa da zafi da haske, don haka ka duba ranar ƙarewar wa'adinsa, ka sayi abin da zai ƙare cikin wata biyu ko uku, ka sa na ruwa a firji bayan an buɗe, idan kuma warinsa ya sauya ya zama na ruɓa ka zubar.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Garin wata halittar teku mai ɓawo biyu da koren baki ta ƙasar Niyu Zilan ya nuna amfani a wasu gwaje-gwaje, kuma ita ma omega-3 ne ginshiƙinta. Kolajin nau'i na biyu da ake samu daga guringuntsin ƙirjin kaza yana da 'yar hujja mai rauni. Sinadarin kurkum kuwa hanji ba ya zuƙarsa da kyau, kuma gwajinsa a karnuka bai taka kara ya karya ba.

Kowacce kwalba ka ɗauka, ka nemi wadda ta rubuta adadin kowane sinadari da miligiram. Wadda ta jera sunaye goma sha biyar a ƙarƙashin “haɗi na musamman” ba tare da ta faɗi nawa ne kowanne ba, ka ajiye ta, domin galibi ɗan ƙyas aka saka na kowanne don sunan ya fito a jiki. Ka nemi sunan kamfani da adireshinsa da lambar rukunin da aka haɗa, da shaidar cewa wani ɗakin gwaji mai zaman kansa ya auna abin da ke ciki. Wannan ba tsanani ba ne, domin an sha gwada kwalaben kwandiroyitin a tarar abin da ke ciki bai kai abin da aka rubuta ba. Kayan Amurka da yawa suna ɗauke da hatimin NASC, ƙungiyar kamfanonin da ke haɗa irin waɗannan kaya na dabbobi, wadda aka kafa a 2001. Hatimin yana nufin an binciki yadda kamfanin ke haɗa kayansa da yadda yake rubuta bayaninsu, amma ba shaida ba ce cewa kayan na rage ciwo. Idan ta intanet za ka saya, ka saya daga kamfanin kansa ko dillalin da ya amince da shi, domin jabu sun yi yawa. Idan kuma na mutane ka ɗauko, musamman na taunawa ko na ruwa mai zaƙi, ka karanta jerin abubuwan da ke ciki ka tabbatar babu wani mai zaƙi da ake rubutawa xylitol, domin kaɗan daga cikinsa yana faɗar da sukarin jinin kare cikin gaggawa, yana kuma iya lalata hantarsa. Na karnuka masu ɗanɗanon nama su ma a ɓoye su inda ba zai kai ba, domin kare na iya cinye roba guda a zama ɗaya, kuma an sami waɗanda hantarsu ta taɓu ta wannan hanya.

Yanzu ga abin da ya fi duk kwalaben nan ƙarfin hujja, kuma ba ka tambaye ni a kansa ba, wato nauyin karenka. Kilo 41 ya haura abin da aka saba gani ga namijin wannan iri, wanda yakan tsaya tsakanin kilo 30 da 40. Ka shafa gefen ƙirjinsa da tafin hannu: ya kamata ka ji haƙarƙarinsa ba tare da ka danna ba, kuma idan ka dube shi daga sama ka ga ƙugunsa ya ɗan shige. Akwai wani dogon bincike da aka wallafa a 2002, inda aka bi karnuka 48 irin Labrado tun suna ƙanana har mutuwarsu. An raba su biyu-biyu 'yan uwa ɗaya, ana ba ɗaya abincin da ya gaza na ɗan uwansa da kashi 25 cikin 100. Waɗanda aka rage wa abinci sun kai tsaka-tsakin shekara 13, sauran kuma shekara 11.2, kuma amosani ya yi jinkirin kama marasa ƙibar da shekaru. Ga karen da ya riga ya kamu ma ba a makara ba, domin wani bincike a Jami'ar Gilasgo a 2010 ya nuna ɗingishi ya fara raguwa da zarar karnuka masu ƙiba sun zubar da kimanin kashi 6 cikin 100 na nauyinsu. Ga naka wannan kilo biyu da rabi ne kawai. Kitse ba kaya ba ne kawai a kan gaɓa, shi kansa yana fitar da sinadaran da ke rura kumburi. Ka riƙa auna abincinsa da sikeli, ka rage 'yan lashe-lashen da ake miƙa masa tsakanin abinci, ka kuma tuna cewa man kifin da kansa kitse ne, ƙwaya 12 ta haura kalori 100, don haka sai an cire kwatankwacinsa daga kwanonsa. Ba wa kare mai ƙiba ƙwayoyin gaɓɓai ba tare da an taɓa kwanonsa ba, ɗibar ruwa da kwando ne.

Game da tsoron da kake yi wa magungunan asibiti, yana da tushe, amma ya wuce gona da iri. Akwai magungunan rage kumburi da aka yi musamman don karnuka, irin su karfurofen da meloksikam da firokoksib, kuma su ne suka fi kowane abu hujjar rage zafin amosani. Gaskiya ne suna iya taɓa ciki da ƙoda da hanta, shi ya sa ake gwada jini kafin a fara, a kuma riƙa maimaitawa lokaci-lokaci, ba a haɗa biyu daga cikinsu, ba a haɗa su da magungunan sitiroyid irin su furednisolon, kuma ana dakatarwa nan take idan kare ya yi amai ko zawo ko baƙin kashi ko ya ƙi abinci. Da waɗannan sharuɗɗa karnuka masu yawa suna shan su watanni da shekaru lafiya. Akwai kuma allurar Librela da ake yi sau ɗaya a wata, wadda Tarayyar Turai ta amince da ita a 2020, Amurka kuma a 2023. A watan Disamba na 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sanar da likitoci rahotannin da ta samu na tangaɗi da farfaɗiya da wasu matsalolin jijiya a wasu karnukan da aka yi wa, saboda haka kare mai jan ƙafa irin naka sai an fara tabbatar da lafiyar lakarsa kafin a yi maganarta. Ka kuma sani cewa ƙin magani shi ma yana da nasa farashin: karen da ke jin zafi yakan daina motsi, tsokar cinyarsa ta zube, gaɓar ta rasa abin da ke tallafe da ita, nauyi ya ƙaru, ciwon ya ninku.

A gida, ka riƙa fita da shi gajeriyar tafiya sau biyu ko uku kowace rana maimakon doguwa guda a ƙarshen mako, ka daina jefa masa abin da zai bi da gudu ya tsaya kwatsam, ka shimfiɗa darduma a wuraren santsi, ka samar masa katifa mai kauri, ka yanke masa farata, ka kuma jingina katako ya riƙa hawa mota a kansa.

Idan ka fara man kifin, ka gwada shi yadda idonka ba zai yaudare ka ba. Kafin ranar farko ka ɗauki bidiyonsa da waya yana tashi daga kwance da safe, da kuma yana tafiya, ka rubuta minti nawa yake yi a tafiya kafin ya nemi zama. Kada ka fara sababbin abubuwa biyu a mako ɗaya, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi aiki ba, kuma ka bar likita ya tsara wanda za a fara da shi, wanda a mafi yawan lokuta maganin rage zafi ne. Bayan mako 12 ka sake ɗaukar bidiyon a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, ka nuna wa likitan duka biyun. Idan ba a ga bambanci ba, ku sake duba adadin da ingancin man, idan kuma duka daidai suke, ka mayar da kuɗin ga gwajin jini da magani. Amma idan wata rana karen ya ƙi taka ƙafa ɗaya gaba ɗaya, ko ka ga kumburi mai tauri a jikin ƙashi, ko ƙafafun baya suka riƙa harɗewa, ko fitsari ya fara kubce masa, kada ka jira mako 12 su cika, ka kai shi asibiti a ranar.